Babur Ɗin Sama'ilu da Rumfar Muntaka

Sama'ilu yana da wani tsohon babur da yake kai wake garin Kunci da shi ranar kasuwa. Da safe bugu ɗaya yake tashi, amma da ya yi tafiya ya ɗauki zafi sai ya fara tari, ya mutu. Kuma bai tashi mutuwa ko'ina ba sai daidai rumfar Muntaka bakanike, mutumin da Sama'ilu ya taɓa cewa a majalisa ko keke bai iya gyarawa ba.

Nan Sama'ilu zai sauka ya yi ta buga kik, gumi yana tsiyaya, Muntaka yana zaune a benci yana ɓarar gyaɗa. In injin ya huce sai ya tashi kamar ba shi ba.

Sama'ilu ya canza fulogi sau uku. Ya kwance kabureta a kan tabarmar matarsa Hure, ya wanke da fetur ya mayar, wani ƙaramin noti ya yi saura, ya ce dama ba shi da amfani. Hure ta ce ita dai ta lura sai ya yi zafi yake mutuwa, ya ce ta koma kan tukunyarta. Daga nan ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai Muntaka ya binne masa asiri a bakin hanya.

Muntaka bai tsaya musu ba. Ya ce gobe Sama'ilu ya bi hanyar Makoda, inda shi ba shi da rumfa. Sama'ilu ya bi. Babur ya mutu a tsakiyar gonakin gero da rana tsaka, da buhu biyu a bayansa. Don haushi bai jira ya huce ba, turo shi ya yi har gida.

Mai unguwa ya sa a duba babur ɗin a gaban jama'a. Muntaka ya cire fulogi ya jingina shi da jikin injin, ya buga kik, tartsatsi ya fito shuɗi tas. Ya mayar, ya bar injin yana aiki har ya yi zafi ya mutu. Da ya sake gwadawa, ko ƙyalli babu.

"Kwayil ne," in ji Muntaka. "Ya tsufa, in ya ji zafi sai ya daina ba da wuta. Ga asirin nan, Malam Sama'ilu, a ƙarƙashinka yake, kullum kana zaune a kansa."

Aka sa wani kwayil ɗin. Ranar kasuwa Sama'ilu ya je Kunci ya dawo lafiya, ya wuce rumfar Muntaka a guje, babu ko ɗaga hannu. Da yamma a majalisa ya ce shi tun farko kwayil yake zargi, so ya yi ya gwada iyawar Muntaka. Sha'aban mai shayi ya tambaye shi ko turo buhu biyu daga hanyar Makoda yana cikin gwajin. Sama'ilu ya duba rana, ya ce lokacin salla ya yi, ya ɗauki buta.