Yarinya Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Shekara biyu Dakta, wata malamar jami'a mai bincike, ta yi da rikoda a jaka, tana bin gidajen da ake ajiye yaran da suka rabu da iyayensu a hanyar ƙaura. Gida ashirin a ƙasa uku, duk fenti ɗaya, gadajen ƙarfe iri ɗaya. Kwamitin jami'a ya gindaya mata sharaɗi: kowane yaro lamba ne, ba suna ba gari, kuma da an gama a goge muryoyi, a ƙone takardar da ta haɗa lamba da suna. Dakta kuwa Allah ya zuba mata bin doka. Ranar da ta miƙa rahoto ta banka wa takardar wuta a bayan ofis, shugaban sashe har da jinjina mata.

Bayan wata biyar wata mata ta yi sallama a ofishinta.

"An ce ke kika zaga gidajen yara. 'Yata nake nema, shekararta tara."

Tana gyara mayafi Dakta ta ga tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu. Ta san tabon nan, wata yarinya mai wushirya ta siffanta mata shi tiryan-tiryan. Lamba goma sha huɗu.

Amma a wane gida? Ta zazzage durowa, ta bi kwamfuta fayil-fayil. Aikinta ya yi kyau ƙwarai, ko alama ba ta bari ba. Ta kira shugaban sashe, ya ce ai ko da takardar na nan sai kwamiti ya zauna, kuma sai bayan hutu. Ta kife wayar, takaici kamar ya kashe ta.

Ta juyo ta ce wa matar, "Baiwar Allah, tana raye, na gan ta. Inda take ne ban sani ba."

Matar ta ce, "To karanta mini abin da ta ce."

Dakta ta buɗe shafin lamba goma sha huɗu a rahoton, ta karanta maganar tabo, ta karanta maganar motar da ta tashi ta bar su. Da ta zo layin ƙarshe ta so ta rufe shafin, amma matar na jira, dole ta ƙarasa.

"Yanzu ba na kuka. Na faɗa wa Anti mai rikoda inda nake, ta rubuta. In ta ga Mama za ta gaya mata."