Ƙarin Girman da Cumbane Bai Nema Ba

Shekara talatin da ɗaya Zefanias Cumbane ya yi a sojan ruwa na Mozambik, cikin rundunar da ke sauka daga jirgi ta yi yaƙi a tudu. Tun da harsashi ya lalata masa gwiwa aka zaunar da shi a ofis a Maputo. Sau uku yana rubuta takardar ajiye aiki, don matarsa ta riga ta koma gonarsu ta kwakwa a Inhambane tana jiransa.

Ranar Litinin shugabansa ya kira shi, ya turo masa ɗan akwati a kan tebur. Sababbin aninai ne na ƙarin girma a ciki.

Cumbane ya ce, "Ranka ya daɗe, sallama na roƙa, ba girma ba."

Shugaban ya yi dariya. "Haba Zefa, tsohon kada irinka ya koma fasa kwakwa? Shekara huɗu ce kawai za ka ƙara. Ba ni da wanda zan ɗora a kujerarka."

Cumbane ya miƙe da ƙyar, ya sara masa. Da ya koma ofis sai ya tarar har an sauya allon sunan da ke ƙofarsa, da sabon muƙamin a jiki. Magatakarda ya ce ai tun makon jiya aka rubuto shi.