Haruffa Biyu a Cikin Kunkuru

Arlis Tackett yana gyaran shingen gonarsa a gindin wani tsauni a jihar Kentaki ta Amurka, sai 'yarsa Marvella ta fito daga cikin ƙaya riƙe da wani abu hannu bibbiyu. Aikin kula da namun daji take yi, kuma a bakinsa ta fara jin cewa mai cutar da abin da ba shi da bakin magana ba mutum ba ne. Ya yi mata wannan wa'azi har ya gundure ta.

"Baba, zo ka gai da tsohon maƙwabcinka."

Kunkuru ne, irin mai rufe kansa ruf kamar akwati. Ta jira har ya leƙo. "Namiji ne, ga jan ido nan. Dubi yadda bayan ya goge, ya fi shekara sittin. Nan aka ƙyanƙyashe shi, nan zai mutu, irinsu ba sa nisa da gida."

Ta birkice shi a hankali. An sassaƙa haruffa biyu da wuƙa a ƙoƙon cikinsa, A da T. Haka yaran ƙauyen ke yi a da, su sa sunansu su sake shi.

"Wannan fa ƙashi ne mai rai, yana jin zafi. Wane mara imani ne?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Arlis ya tuna ranar sarai, har da fitsarin da kunkurun ya yi masa a hannu don tsoro.

"Baffanki Alton ne," in ji shi, idonsa a kan shinge. "Ba ya jin magana. Allah ya jiƙansa."

Marvella ba ta san Alton ba sai a hoto, cikin kayan soja. Ta tofa yawu a babban yatsa, ta murje busasshen taɓon da ke ƙasan haruffan. Lambobi suka bayyana: 1969. Arlis ya manta shaf da ya sa shekara.

"Baba, yaushe aka kawo gawar Baffa daga yaƙi?"

"Sittin da bakwai."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa hamar da ke hannunsa. Wansa ne ya koya masa iyo, ga shi ya ɗora masa laifi yana kabari.

Ta mayar da kunkurun daidai inda ta ɗauko shi, ta kaɗe hannu.

"Da ka ce kai ne, dariya zan yi, Baba. Shekararka goma sha biyu lokacin."