Ba a Sa wa Manjeriku Hanci

Tun da Baba ya daina gane ni, "baiwar Allah" yake kira na. Ni Graciete, 'yarsa tilo, mai yi masa aski da yankan farce, na koma baiwar Allah. Likitansa a Lyon ta ƙasar Faransa, inda muke zaune tun ina goye, ya ce in haƙura, tsufa ne. Ban haƙura ba. Da za mu ƙauyen su marigayiya Mama biki, sai na ce mu yada zango a Lisbon in hau da shi Kashtelu, tsohuwar fadar nan ta kan tudu, don a unguwar cikin ganuwarta aka haife shi. Fatana ɗaya, ya kira sunana ko sau ɗaya ne.

Watan Yuni ne, kowane lungu ya turnuƙe da hayaƙin gasasshen kifin sardin. Ni nake haki, shi kuwa mai dogara sanda ya bar ni a baya, ba ya ko tambayar hanya.

"Nan gidan Dona Perpétua ne, mai wankau," in ji shi, yana nuna wata ƙofa da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke fitowa da jakunkuna. "Bayan katangar can muke satar ɓaure."

A can sama ya zauna gefen wata tsohuwar igwa, ɗawisu na kai da komo, kogin Tejo shimfiɗe a ƙasa. Sai baki ya buɗe. Ya tuna Abílio ɗan mai gyaran takalmi, wato shi kansa, yana hawan ganuwa ba takalmi. Ya tuna ranar da ya fara ganin Ermelinda, uwata, da tulun ruwa. Har wani gurgun kare mai suna Farrusco ya tuna. Sannan ya juyo gare ni da fara'a irin ta baƙunta.

"Baiwar Allah, kin taɓa zuwa nan?"

Raina ya sosu. Wallahi har kishin karen nan na ji.

Muna saukowa, a bakin ƙofar ganuwa muka tarar da wata tsohuwa ta jera manjeriku, ɗan tsiron nan ɗan'uwan ɗoɗɗoya, kowanne a 'yar tukunyar ƙasa da furen takarda a soke. Duk Yuni sai Mama ta ajiye ɗaya a taga, har shekarar da ta rasu. Kewarta ta taso mini. Na ɗauki tukunya guda na cusa hancina cikin ganyen.

Sai ji na yi an make mini hannu.

"Graciete! Cire hancin nan! Sau nawa uwarki za ta gaya miki? Hanci kashe shi yake. Da tafin hannu ake shafa shi, sannan a shinshina hannun."

"Gaya mata dai, tsoho," in ji mai tallar tana dariya. "'Yan Faransa ne ko? Tun daga takalmin na gane."

"'Yata ce," in ji Baba. "Tun tana ƙarama ba ta jin magana. Kan nan nata ya fi ganuwar nan tauri."

Ya kama hannuna ya goga a kan ganyen a hankali, ya kai mini shi hanci. Ina da shekara hamsin da ɗoriya, na tsaya a titi ana yi mini faɗa, ina kuka don daɗi.

Na sayi tukunyar. Kafin mu kai tashar jirgin ƙasa na sake komawa baiwar Allah, har yana yi mini godiya don na riƙe masa sanda. Da muka zauna a tarago sai na ɗaga tukunyar daidai idonsa, na sake cusa hancina.

"Graciete!"

Haka na yi ta yi a ƙauye, haka na yi da muka koma Lyon, safe da yamma. Mama da gaskiyarta. Tsiron bai ga ƙarshen watan ba.