Gyaɗa a Gindin Alamar Awo

Ummuhani ce ta ƙarshe a hawan dutsen, ga jarkar ruwa a hannu, ga lema a ɗaya hannun. Tun daga Garwa take mita. Ita ba ta ga abin sha'awa a wannan wasa na mijinta Abdulhalim da abokinsa Parfait ba. Wani zai ɓoye ɗan akwatin roba a daji, ya sa wurin a waya, wasu kuma su bi taswira su nemo shi, su ɗauki abu ɗaya su bar wani a madadinsa. Abin da ya fito da ita yau shi ne an ce za a tafi da 'yarta Ni'imatullahi, yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba.

Akwatin wannan dutse na bayan Pitowa Parfait ne ya ɓoye shi da kansa, cikin wani tsagin dutse a gindin wani guntun ginshiƙin siminti mai ƙarfe a ka, wanda masu awon ƙasa suka kafa tun zamanin Turawa. Shi *borne* yake kiransa.

"Madam, *courage*, daure!" Parfait ya ƙwalla mata daga sama. "Kogin Binuwai na jiranki, ki zo ki gan shi kamar zare!"

"Tun ina goye nake ganin Binuwai. Ina 'yata?"

"Tana aiki. Hannuwanmu sun yi wa tsagin girma."

Ta ƙara sauri. Da ta iso ta same shi yana wa Abdulhalim fahariya, wai nasa akwatin ba irin na Nasara ba ne, da za ka sha hawa ka tarar da maɓalli da 'yar tsana.

"Mutum ya zo wurinka, ka sallame shi da yunwa? Kafin damina na cika shi da soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli."

Ummuhani ta dubi ƙasa. Jan ɓawon gyaɗa ne warwatse a gindin ginshiƙin, ga kashin ɓera baƙi-baƙi. Ta tashi a gidan da ake ajiye buhunan gyaɗa, ta san abin da ke bin ɓera.

Ni'ima na kwance rub da ciki, kuncinta a kan dutse, hannunta na dama ya shige tsagin har kafaɗa.

"Mama, na taɓo shi!"

Sai aka ji wata ƙara. Shuuu, shuuu, kamar an yarfa ruwa a mai mai zafi. Kububuwa ce, launinta ɗaya da tsakuwar wurin, ta naɗe a inuwar bakin tsagin tana goga jikinta. Tsakaninta da wuyan yarinyar bai kai tsawon ludayi ba. Ni'ima ta juya fuska ɗaya ɓangaren, ba ta gan ta ba.

Abdulhalim ya yi salati, ya sunkuya ya rarumo dutse.

"Baban Ni'ima, ajiye." Ba ta ɗaga murya ba. "In ka kuskure, a kanta za ta huce."

Ya tsaya da dutsen a hannu. Parfait kuwa ya daskare, wayarsa na ta ƙyalli. Asibiti na can ƙasa, bayan gangara da doguwar tafiya a babur. Ummuhani ta kori wannan tunanin.

"Mene ne ke ƙara, Mama?"

Idan ta ce maciji, yarinyar za ta zabura. Sai ta ɗauko muryar da take amfani da ita duk ranar Lahadi in ta sa kan Ni'ima a cinya.

"Ni'imatu, zaman kitso. Kai ba ya motsi, hannu ba ya motsi. Wadda ta motsa, a tsefe a sake daga farko."

"Ai ba kitso ake ba."

"Na ce zaman kitso."

Yarinyar ta daina motsi. Ta san wannan murya ba a ja da ita.

Ummuhani ta ajiye jarkar a hankali. Ta ja baya kaɗan, ta buɗe lemar a bayanta don kada inuwa ta faɗa kan macijin farat ɗaya. Ta yi wa mijinta nuni da ƙafafun yarinyar. Ya gane, ya ajiye dutsen, ya durƙusa ya riƙe idon sawunta biyu.

"Mama, hannuna ya gaji."

"Saura layi ɗaya. Saki akwatin, ki miƙe yatsunki."

"Tonton Parfait ya ce wanda ya samo..."

"Saki."

Ta matso da gwiwa, tsakuwa na huda ta. Ta riƙa sauke lemar sannu sannu, bakin lemar na goga dutse, har baƙin yadin ya shiga tsakanin wuyan 'yarta da abin. Ƙarar ta ƙaru. Ta riƙe lemar da hannu biyu.

"Ja!"

Abdulhalim ya fizgo yarinyar. A daidai lokacin lemar ta girgiza a hannun Ummuhani, tas, ta sake girgiza. Ta sake ta a wurin, ta ja da baya da gwiwoyi. Suna kallo kububuwar ta sulale ta shige tsagin da hannun Ni'ima ya fito.

Ni'ima ta fashe da kuka, dutse ya kuje mata haɓa. Uwar ta cire mata riga, ta duba wuya, hammata, tsakanin yatsu, ta zuba ruwa ta sake dubawa. Ƙujewa ce kawai. Sai a lokacin ta zauna daɓas ta rungume 'yar.

Parfait ya ɗago lemar da sanda. Dafin, wani ruwa mai ɗan rawaya, na gangarowa a yadin.

"Madam... ni gyaɗa kawai na..."

"Na sani, don alheri ka yi. Ka rubuta a wayar taku yanzu, kafin wani ya kawo nasa ɗan. Ka ce kada a sa hannu."

Ya hau rubutu.

"Ban ɗauki komai ba," in ji Ni'ima cikin shessheƙa. "Kuma ban motsa ba. Ba za a tsefe ba, ko?"

"Ba za a tsefe ba."

Ta sunkuya, ta ɗora ta a baya duk da girmanta, ta ɗaure da gyale tamau. Ita ce ta farko a gangara.