Sakatar Dogo

Da sha biyun rana Bahago ya shigo shagon kawunsa, bindiga a kafaɗa, fuska a murtuke. Kawu ne ke gyara bindigogin ma'aikatan gandun daji, kuma Bahago yana cikinsu. Ƙarfe biyu yake da gwajin harbi. In ya ci, ya shiga rukunin sintiri. In ya faɗi, ya koma gadin ƙofa na wata shida.

"Kawu, saiti ya gudu. Jiya harbi biyar na yi, kowanne da inda ya nufa."

"Saitin ko mai saitin?"

"Haba Kawu. Ni fa?"

"Ina kwanson harsasan?"

Bahago ya laluba aljihu, ya zube kwanso uku a teburi, har da hular biro. Kawu ya ɗauki ɗaya ya kai bakin taga, yana juya shi. Kusa da gindinsa akwai wani zobe mai haske, siriri kamar gashi. A na uku zoben ya fara tsagewa.

Bai taɓa saitin ba. Ya buɗe akwatin ma'aunai, ya zaɓi wani ƙarfe mai siffar harsashi, ya sa a ramin da harsashi ke kwanciya, ya tura sakata, ƙarfen da ke kulle harsashi ta baya. Ta rufu lumus.

"Ka gani? Lafiya lau," in ji Bahago.

"Wannan ma'aunin, sakata ba ta rufuwa a kansa in bindiga na da lafiya. Ramin ya yi wa harsashi yawa. Ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa harbinka ya watse. Da ka ja kunama kuma kwanson sai ya miƙe ya cike wurin. Ran da ya gaji ya fashe, baya wutar za ta yi. Me ke baya?"

Bahago ya shafa idonsa na hagu.

Kawu ya zare sakatar, ya gyara tabarau, ya karanta lambar jikinta, ya karanta ta jikin bindiga. "Da wa ka wanke ta?"

"Ni da Dogo. Shekaranjiya, a roba ɗaya. Ai iri ɗaya ne."

"Iri ɗaya ne a ido. Kowace da ramin da aka auna ta a kai. Taka tana wajen Dogo."

"To ba ni haka nan, harbi goma ne kawai. In an gama sai mu canza."

Kawu ya jefa sakatar a aljihun tebur, ya murɗa makulli. "Me zan ce wa uwarka? Ƙanwata ce, na san bakinta. Kawo min bindigar Dogo, ita ma ban yarda da ita ba."

Wayar Dogo a kashe take, don a filin harbi karɓe wayoyi ake yi. Bahago ya hau babur ya tafi.

Sai wajen huɗu suka dawo, Dogo a baya rungume da bindigarsa.

"Na kwanta ke nan zan harba, wannan ya faɗo fili yana ihu kamar gidansu ke cin wuta," in ji Dogo. "Oga ya kore mu duka."

Kawu ya mayar wa kowace bindiga sakatarta, ya sake aunawa da ma'aunin farko. A duka biyun ta cije a rabi, ta ƙi sauka. Ya canza ma'auni zuwa wani gajere, wanda sakatar lafiyayyar bindiga ke rufuwa a kansa, ta rufu daidai.

"Gwajin fa?"

"Wata shida," Bahago ya ce, yana kallon ƙasa. "Ni ƙofar gabas, shi ta yamma."

"Ta yamma ba inuwa," in ji Dogo. "Kawu, a gaya masa ya yi canji da ni."

"Kun yi canjin da ya ishe ku," Kawu ya ce, ya miƙa wa kowa tasa.