Ɗinkin Bahaguwa

Ranar da aka cire wa Fumie yanar ido, duk matan ƙungiyar ɗinki sun yi murna, ban da Tokiko, aminiyarta tun suna 'yan firamare. Ita ma a baki ta yi murnar, har da kai mata kwandon lemo, amma murnar ba ta kai zuci ba.

Su tara ne a ƙungiyar, duk sun aurar da 'ya'ya sun huta, suna haɗuwa kowace Laraba a zauren unguwa da ke kallon tashar jirgin fito. Aikinsu harhaɗa ƙyallaye da hira, kuma hirar ta fi yawa. Duk kaka sukan yi musaya: a zaɓi fasali ɗaya, kowace ta ɗinka falle tara da hannu, masu kusurwa huɗu, awo ɗaya, sannan a raba, kowace ta koma gida da falle guda daga hannun kowa, har da nata. Wadda ta ga dama ta haɗa su ta yi bargo. Yawancinsu dai a gwangwanin biskit suke cusawa, su ce sai baɗi.

Shugabarsu, Hirose-sensei, tsohuwar malamar makaranta ce, kuma har yau ba ta yarda an tashi daga aji ba. Dokarta ɗaya: fallen da ya kauce wa awo, a mayar wa mai shi a gaban kowa. Tokiko ce mai tattarawa. Ita ake kai wa fallaye gida kafin ranar musaya, ta auna, ta goge, ta kasa su kashi-kashi.

A nan ta fara ganin abin da ba wanda ya gani. Wata shekara fallayen Fumie suka zo a karkace, wani kamar an ja masa kunne, wani ɗinkinsa ya bar layin fensir ya kama hanyarsa. Tokiko ta san mutuniyarta. Fumie ta gwammace ta bar gari da a tausaya mata, kuma tun da mijinta ya rasu, ran Laraba kaɗai take shafa jan baki ta fito. In aka mayar mata da falle a gaban mutane, ba za ta ƙara hawa matakalar zauren nan ba. Sai Tokiko ta ɗauki tsinin almakashi ta warware su duka, ta sake ɗinkewa, ta yi gum da bakinta. Da shekara ta zagayo ta sake. Tun tana yi da faɗuwar gaba har abin ya zame mata jiki kamar shanya.

Matsalar guda ce: Tokiko bahaguwa ce. Duk mai riƙe allura a garin, in ya juya bayan falle, zai ga ƙullin farawa a hagu ɗinki ya nufi dama, saɓanin na kowa. Ga shi ita ƙulli uku take yi, ɗaya kan ɗaya, kamar mai ɗaure jirgi a tasha. Sauran matan ba sa juya falle, gabansa suke yabo. Fumie kuwa ko ta juya ba ta gani. To yanzu tana gani.

Larabar da Fumie ta dawo, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta tsaya tana ƙare wa kowa kallo.

"Kai! Toki-chan, ashe haka kika tsufa? Ni ina nan ina ce miki yarinya!"

"Sannu da zuwa," in ji Tokiko. "Ki nemi madubi, akwai sauran labari."

"Na duba. Na yafe wa likitan."

Ta wuce wajen bargon da ke rataye a bango, wanda suka kai baje koli shekarun baya. Ta sa hanci dab da fallen da ke ɗauke da sunanta.

"Wannan nawa ne? Tabɗi! Ashe ni gwana ce ba ku gaya mini ba? Ku dubi kusurwa kamar an yanka da reza. Toki-chan, zo ki koyi aiki."

Mata suka fashe da dariya. Tokiko ta yi yaƙe. Bargon bango bai dame ta ba, bayansa na rufe da auduga da shafi. Abin da ya biyo baya ne matsalar.

"Tunda ido ya dawo," in ji Fumie, "zan buɗe gwangwanina in haɗa duk fallayen da na tara. Kuma bana ni zan tattara na musaya. Sensei, dubi yatsun baiwar Allahn nan, sun kumbura kamar jatan lande. A bar ta ta huta."

Hirose-sensei ta leƙa ta saman tabarau, ta ce shawara ce mai kyau. Kafin Tokiko ta buɗe baki an wuce wurin, ana gardamar fasalin bana. Aka tsaya a kan tauraro mai tsini takwas, wanda dole duk tsinayensa su haɗu a tsakiya cif.

Washegari Tokiko ta hau gangaren gidan Fumie da gasasshen dankali a takarda, wai ta zo dubiya. Gwangwanin na nan a kan tebur, jibgege, da hoton dutse mai dusar ƙanƙara a murfinsa.

"Fumi-chan, likita bai ce ki hutar da idon ba? Kawo in haɗa miki."

"Da waɗanne yatsun?"

"To ki bari sai baɗi."

"Baɗi ta mai rai ce. Zauna in kawo shayi."

Tana shiga kicin Tokiko ta miƙa hannu. Ba ta ma san abin da za ta yi da gwangwanin ba, ko ta ruga da shi ko ta jefa a teku. Ta ɗaga shi ke nan sai ga Fumie da faranti.

"Lafiya?"

"Ina duba ko da sauran biskit."

"Biskit ɗin ya girmi jikanki. Ajiye."

Ta ajiye. Ta sha shayin da ba ta ji ɗanɗanonsa ba, ta sauko gida tana zagin hannunta na hagu, wanda tun tana aji ɗaya yake jawo mata magana.

Sai ga tauraro ya ƙi ta. Gaskiyar Fumie ce, yatsun sun daɗe suna ciwo, kuma sanyin bana ya shiga gaɓoɓin ya zauna. Allura takan zame, zare ya ƙi jawuwa. Ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta ɗinka, ta warware, ta sake, har gefen ƙyallen ya fara zarewa. Duk da haka tsinaye suka ƙi gaisawa a tsakiya, kowane ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ta auna da idon da ta yi shekaru tana auna na mutane, ta san da ita ce mai tattarawa, waɗannan ba za su wuce ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ta naɗe su a ƙyalle ta kai.

Fumie ta karɓa a bakin ƙofa, ko shigo ba ta ce mata ba. Ta bayan kafaɗarta Tokiko ta hango gwangwanin a buɗe, fallaye baje a kan tabarma, rabinsu a kife.

"Sai Laraba," in ji Fumie, ta ja ƙofa.

Shi ke nan, Fumie ta gani. Tokiko ta sauko gangaren ta nufi gida. Kunyar a mayar mata da falle ba ta kai ko rabin abin da ke cin ta ba. Tsoronta Fumie ta ɗauka duk shekarun nan kallon abar tausayi take yi mata, ta rufe mata ƙofa har abada. Wa zai ƙara kiranta Toki-chan a garin nan?

Ran Laraba ta so ta ce mura, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta je ta zauna a ƙarshen tebur. An jera kashi tara, ga koren shayi, ga alewar wake. Hirose-sensei ta gyara tabarau.

"Mai tattarawa, akwai wanda ya kauce?"

Fumie ta miƙe, ta yi gyaran murya, ta ɗauki lokacinta kamar mai sanar da sakamakon zaɓe. Ta dubi Tokiko ido cikin ido.

"Babu, Sensei. Sai dai na Michiru-san yana warin kifi."

"Mijina ne ya ajiye guga a kai!" in ji Michiru, aka kwashe da dariya, hannuwa suka hau kan kashi.

Tokiko ta jawo nata kashin, ta lalubo fallenta, mai shuɗi da ruwan ƙwai. Tsinaye takwas sun haɗu a tsakiya, ko bakin allura ba zai shiga tsakaninsu ba. Ta juya bayansa. Ƙulli a dama, guda ɗaya tal, ɗinki ya nufi hagu.

Fumie ta zo ta zauna kusa da ita tana ɓare lemo, ba ta dube ta ba.

"Warware ɗinkin bahaguwa azaba ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Komai a juye. Ga ƙulli uku, sai ka ce ɓarawo zai sace zaren."

Tokiko ta ajiye fallen. Da ƙyar ta ce, "Da kika buɗe gwangwanin kika gani ko? Fumi-chan, ni ba don..."

"Wane gwangwani? Ke, idona ne ya yi yana, ba yatsuna ba. Tun shekarar farko na shafa bayan fallena na ji ƙulli uku a hagu. Mu nawa ne bahagwai a garin nan?"

"Tun shekarar farko? Kika yi shiru?"

"In ce me? In na yi magana dole in yi fushi, in na yi fushi dole in daina zuwa. Ni kuwa ina son zuwa." Ta tura mata rabin lemon. "Kuma da na ce ki zo ki koyi aiki, da kin ga fuskarki! Don wannan kaɗai aikin idon ya biya."

"Muguwa," in ji Tokiko, hawaye na bin kumatunta, dariya kuma ta ƙi tsayawa.

"Tokiko-san, lafiya?" Hirose-sensei ta tambaye ta daga can kan tebur.

"Lemo ne ya fantsar mata a ido, Sensei," in ji Fumie. Ta kama kumburarren hannun hagun Tokiko a ƙarƙashin tebur, ta riƙe shi a hankali don kada ya yi zafi. "Baɗi ki ɗan kama fallayenki da zare sama-sama kawai ki kawo mini in ƙarasa. Kuma ƙulli ɗaya, don girman zumunci."